Ruwan Baƙo Daga Kwarin Marke

Fitowa

Zakara bai yi cara ta biyu ba muka fito, ni da Inna Uwar Biyu, ranar wata Alhamis a tsakiyar damina. Ni ne Bitrus, malamin firamaren Kwarin Marke, ƙauyen da ke can bayan Furana inda hanyar mota ke ƙarewa ta bar mutum da ƙafarsa. Mai gari ya zaɓe ni ne don ni kaɗai ke iya jera Turanci ba tare da na yi gumi ba. Inna kuwa ba wanda ya zaɓe ta. Ita ta zaɓi kanta, kuma ba a sami mai ƙarfin halin ce mata ta zauna ba.

Bari in faɗa wa wanda bai sani ba abin da ya fitar da mu. Shekara guda kafin nan, Alhaji Sule, ɗan garinmu da ya koma Kaduna yana kwangila, wanda muke kira Ciyaman don shi ke shugabantar ƙungiyar ci gaban gari, ya zo da mai ɗaukar hoto. Ya ce wani ɗan ƙaramin gari a ƙasar Turai yana son ƙulla zumunci da mu, kuma su can irin wannan zumunci tagwaye suke kiransa. Za su haƙa mana rijiyar burtsatse, da inji da tanki, mu huta da ruwan tafki mai kawo mana kurkunu. Sai dai suna son ganin larurar da idonsu. Aka ɗauki hoton tafkin, aka jera masu kurkunu a gindin kuka aka ɗauki ƙafafunsu. Ƙafar Hussaini, ɗan Inna, ita ta fi shan hoto, don ita ta fi muni.

Ciyaman ya faɗi kalmar tagwaye ne ya wuce abinsa. Mu kuwa a wurinmu ba kalmar ado ba ce. Kowa ya san dokar 'yan biyu: in ka ɗinka wa ɗaya riga ka ɗinka wa ɗaya, in ka ba ɗaya ƙosai ka ba ɗaya, in ba haka ba ka kwana da shirin kunama a shimfiɗarka. Har musu aka yi a dandali kan wace ce Hassana. Liman ya raba gardamar, ya ce mu ne Hassana tunda mun riga su fara shan wahala. Sunan garin nasu ya ƙi zama a bakin kowa, sai muka sa masa Hussaina. Aka kafa mana allo babba a bakin gari mai ɗauke da sunayen biyu. Inna, wadda ta haifi tagwaye ta raine su har suka yi iyali, ta zama ita ce mai fatawa a kan komai.

Rani ya zo ya wuce, ba mu ga injin haƙa ba. Ruwa ya sauka, kurkunu ta dawo, bana a ƙafafun Hussaini duka biyu. Masararsa tana can ciyawa na cinye ta, ɗan'uwansa Hassan na fama da gona biyu shi kaɗai. Sai ga yaran Ciyaman sun zo sun cire allon, wai za a sabunta fenti don baƙi na tafe ranar Laraba. Muka share gari, mata suka yi fura, muka zauna tun hantsi har rana ta faɗi, ko ƙarar keke ba mu ji ba. Da yamma wani mai fataucin barkono ya ce ya ji a tasha cewa ranar Juma'a za a karɓi Turawan a gonar Ciyaman da ke wajen Taba, wai hanyarmu ba ta biyuwa.

Shi ne muka ɗauki kayan da aka tara wa Hussaina, komai biyu-biyu: zabi biyu, curin mazarƙwaila biyu manya, da ƙwarya biyu sababbi da Inna ta sa aka yi musu zane iri ɗaya, ɗaya tasu ɗaya tamu. Ita kuma ta rataya wata gora a kafaɗa, ta toshe bakinta da totuwa. Na tambaye ta, ta ce ruwan baƙo ne, baƙon da bai sha ruwan gari ba ai bai zo garin ba. Kafin mu fita ta leƙa ɗakin Hussaini. Na hango shi a zaune ya jingina da bango, an naɗe kan tsutsar a ɗan tsinke.

Furana zuwa Ikara

Da ƙafa muka ratso fadama, taɓo har ƙauri. Tsohuwar nan tana gaba, ni mai takalmi ina baya ina zamewa. Gari na wayewa muka iso bakin hanya, muka tarar da a-kori-kura guda ɗaya cike da buhunan barkono. Direban ya faɗi kuɗin mota, na ɗauka wasa yake yi.

"Malam, ba ni ba ne," in ji shi. "Mai ne. Gidan mai ba ko ɗigo, a galan nake saye wurin 'yan bumburutu. An ce mu tsuke bakin aljihu, to ni aljihun ma ya yage."

Muka hau saman buhu, barkono na shiga hanci, zabi na kuka. Ba mu yi nisa ba muka iske shinge na farko, tayoyi da katako mai ƙusoshi, da sojoji a inuwar mangwaro. Ɗaya ya zagayo, ya tsaya a kan zabin. Ya ce ana cutar kaji a jiha, sai an bincika. Ya zaro ɗaya ya kama hanya.

"Ɗan nan," in ji Inna, "dawo ka ɗauki ɗayar."

Ya juyo yana kallonta.

"Kayan tagwaye ne, ba a raba su. In za ka ci haram ka ci ta cika."

Shi kuwa bai ji komai ba sai kyauta, ya dawo ya ɗauki ta biyun, har da cewa Allah ya saka wa Mama. Na sha jin haushi a rayuwata, amma ban taɓa jin irin na wannan godiyar ba.

Da hantsi muka shiga Ikara. Tasha cike da mutane, motoci a jere ba mai motsi, kowa na jiran mai. Muka zauna a rumfar mai shayi. Shayin ruwan zafi ne da aka nuna masa ganye daga nesa, sukari kuwa mai shayin ya ce sai dai wanda ya zo da abinsa. Inna ba ta sha ba, ta ci gyaɗarta da ta ƙulla a gefen zane. Sai bayan azahar aka sami wata bas da ta yarda ta tashi zuwa Makarfi.

Ikara zuwa Makarfi

Bas ɗin ta mutu sau biyu a hanya, duk biyun mu maza muka tura. A ta biyun aka tsuge da ruwa, muka koma ciki jiƙe sharkaf, rufin kuma na yoyo daidai kan Inna. Ta cire mayafinta ta rufe ƙoren nan biyu, ta bar kanta.

Kafin mu tsallaka babban titin Kano a Tashar Yari muka sake cin karo da shinge. Waɗannan ba su ɓata lokaci da zancen cuta ba. Aka sauke kowa, aka jera kaya a ƙasa. Wani kofur mai jan ido ya ɗaga curin mazarƙwaila ya auna nauyinsa a hannu, ya miƙa wa na bayansa, ya ɗauki na biyun ba tare da an tuna masa ba. Na ce masa, ranka ya daɗe, kyautar baƙin gwamnati ce. Ya ce to ai ta iso hannun gwamnati.

Sannan ya ga gorar. Ya zaci fetur ne ko burkutu. Ya cire totuwar ya shinshina, ya tsiyaya kaɗan a tafinsa. Ruwan ya fito ja-ja, da 'yar ƙurar ƙasa tana yawo a ciki.

"Mama, wannan na wanke ƙafa ne?"

"Na sha ne."

"Wa ke sha?"

"Mu."

Ya yi dariya, ya goge hannunsa a wando, ya mayar mata. Daga cikin duk abin da Kwarin Marke ta tara, abin da ya tsira ke nan, ƙwarya biyu da ruwan da ko ɓarawo ba ya so.

Mun isa Makarfi gab da magariba. Muka sauka gidan Malam Iliya, abokina tun kwalejin horon malamai. Matarsa ta kawo tuwon masara da miyar kuɓewa busasshiya, tana ta ba da haƙuri cewa albashi ya yi wata da watanni bai leƙo ba. Muka ci muka yi hamdala, don ya fi ƙarfin abin da muka gani a hanya. Da na faɗa wa Iliya inda za mu, sai ya ajiye loma.

"Gonar Alhaji Sule? Ai ni na zaci garinku ne ya tashi ya dawo bakin hanya. Makon jiya na wuce ta can, ga allo da sunan Kwarin Marke. Ga tanki fari a sama. Tun bazara injin ke aiki, da shi aka shayar da raken nan kafin ruwa ya sauka."

Ashe an haƙa rijiyar. Ashe Hussaina ta cika alkawari tun tuni. Ƙafafunmu aka kai Turai aka nuna, ruwan ya dawo ya shiga gindin rake. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na tashi na fita tsakar gida ina zagaye, ina faɗin maganganun da bai dace malamin makaranta ya rubuta ba.

Inna ta bari sai da ta idar da sallar magariba. Sannan ta kira ni.

"Malam, gobe in na miƙa wa Hussaina ruwan nan, kada ka sa baki."

"Inna, ba a tace shi ba."

"Na sani. Ni na ɗebo."

"Ba ita ta sace mana ba. Sule ne."

"Sule ɓarawo ne tun yana satar gyaɗa a gonar ubana, wannan ba labari ba ne. Ita fa? Ta ce ita 'yar'uwarmu ce, ciki ɗaya. Wace irin 'yar'uwa ce ba ta san ƙofar gidanku ba? Ta ga ƙafar ɗana a takarda, ta ji tausayi, ta aiko, ta kwanta ta yi barci. Abin da Hassana ta sha, Hussaina ma sai ta sha. Su suka ce tagwaye, ba ni ba."

Na kawo mata hujja ta addininta, na kawo ta nawa. Ta saurare ni har na gama, ta jawo gorar ta ajiye kusa da kanta.

Makarfi zuwa wajen Taba

Da sassafe ranar Juma'a muka fito bakin hanyar Kudan. Ba mota. Can sai ga tarakta tana jan tirela cike da kujerun haya da tabarmi. Na ɗaga hannu, direban ya tsaya, na tambaye shi ina ya nufa.

"Kwarin Marke," in ji shi. "Bikin Turawa."

"Mu daga can muke," in ji Inna.

"A'a Inna, kin ruɗe. Can gaba ne. Ku hau in kai ku."

Haka muka hau kan kujerun bikinmu, baƙo yana nuna mana hanyar garinmu. Hagu da dama rake ne da masara, kore shar, gwanin sha'awa ga wanda ransa ke kwance. Ni ban ga komai ba sai masarar Hussaini.

Daga nesa muka fara hango tankin, sannan allon. Allonmu ne, har da lanƙwasar da saniyar mai gari ta yi masa a ƙafa, an dai shafa masa sabon fenti. Bayansa bukkokin 'yan ƙwadagon gonar ne, an shafe su da farar ƙasa. An tara 'yan ƙwadagon da matansu an zaunar da su a matsayin mutanen gari. Har an sami waɗansu an naɗa musu bandeji fari tas a ƙafa, suna ta mantawa suna tashi da gudu in an kira su ɗaukar kujera. Ga makaɗa, ga rumfa, ga wani hafsan soja a kujerar tsakiya da 'yan rakiyarsa. Ƙarƙashin tankin an jera famfuna, ɗaya ba ya rufuwa, ruwa garai-garai yana zuba a ƙasa.

Ciyaman ya hango mu, fara'arsa ta ɗauke. Ya taho da sauri, babbar riga na jan ƙasa.

"Inna, sannu da zuwa. Wa ya kawo ku nan?"

"Sulen Mairo, garinmu muka zo. Ba ga sunansa can ba?"

Ya rage murya. Ya ce motar haƙa ce ta kasa shiga fadamarmu, kuma da a mayar da kuɗin Turai gara a haƙa a nan, ai duk ƙasa ɗaya ce. Ya ce baɗi in Allah ya kai mu zai ja bututu. Daga Taba zuwa bayan Furana, bututu. Ya faɗi haka yana kallon idona, ko ƙiftawa bai yi ba. Ya ce mu zauna a baya, za a kawo mana shinkafa.

Ana cikin haka baƙin suka iso. Shugabarsu dattijuwa ce mai furfura, fatarta ta yi ja saboda rana, ta ɗaura zanen atamfa a karkace don ta faranta mana. Tana ta cewa sannu, sannu, ga kowa. Inna ba ta jira kowa ba. Ta ratsa tsakiyar fili, ta durƙusa a gabanta, ta ajiye ƙwarya ɗaya a gefe, ta cika ɗayar daga gora, ta miƙa da hannu biyu.

Ciyaman ya rasa yadda zai yi a gaban hafsa. Ya yi dariyar yaƙe, ya ce wa Baturiyar da Turanci wannan abin sha ne na gargajiya da ake tarbar manyan baƙi da shi. Ya san ko mene ne. A tafkin nan ya yi wanka yana yaro. Ya gwammace ta sha da a tona shi.

Matar ta karɓa. Ta dubi launin ruwan, na ga ta ɗan yi jim. Sannan ta dubi Inna, ta yi murmushi, ta haɗa 'yar Hausar da aka koya mata ta ce, "Na gode, Mama." Ta ɗaga ƙwaryar zuwa bakinta.

Ban ga tashin Inna ba. Ƙara kawai na ji. Ta kai wa ƙwaryar duka da bayan hannu, ta yi sama ta faɗo kan dutse ta dare biyu, ruwan ya wanke atamfar baƙuwa da takalmin hafsa. Kiɗa ya tsaya.

"Kada ki sha, 'yar nan," in ji Inna. "Da ciwo a ciki."

Nan na sami bakina. Na ɗaga murya da Turanci na ce wannan shi ne ruwan da Kwarin Marke ke sha, kuma Kwarin Marke tana can tafiyar yini guda daga nan, nan gonar mutum ɗaya ce. Iyakar abin da na samu na faɗa ke nan. Hannun wani soja ya damƙi wuyan rigata ta baya. Ciyaman ya yi wa makaɗa alama suka saki ganguna da ƙarfi, ina ji yana cewa tsohuwar tana da taɓin hankali, ni kuma mashayi ne da aka kora daga aiki.

Bayan tankin aka kai ni. Aka sa ni kama kunne ina tsallen kwaɗo, ni da na kusa aurar da 'ya, a cikin taɓon da ruwan famfonmu ya yi. Ta tsakanin ƙafafun tankin ina hango Baturiyar tana ta tambaya, ana ta ba ta amsa. Na ga ta sunkuya ta ɗauki ɓarin ƙwaryar ta sa a jaka. Ko ta gane, ko tsarabar Afirka ta ɗauka, Allah masani. Abin da na sani shi ne ba wanda ya ce a kai shi ya ga garin.

Komowa

Sai da baƙi suka tafi aka sake ni. Mai taraktar nan ya dawo da mu Makarfi a kan kujerun, da muka sauka ya ƙi karɓar ko sisi. Muka sake kwana gidan Iliya, matarsa ta gasa mini cinyoyi da ruwan zafi. Washegari muka biyo hanyar da muka zo. Shingayen suna nan, amma ba wanda ya kula mu, ba mu da abin bincike.

A cikin bas na tambayi Inna me ya sa ta fasa, bayan ta ɗauko ruwan nan tun daga gida ta hana shi zubewa.

"Ta yi mini godiya tun kafin ta sha," in ji ta.

Mun shiga Kwarin Marke ranar Asabar da la'asar. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Malam Iliya da iyalinsa da suka raba mana abin da bai ishe su ba, da mai tarakta wanda ban ko tambayi sunansa ba. Sauran waɗanda muka haɗu da su a wannan tafiya, Allah ya ba kowa daidai abin da ya shuka. Hussaina ba ta sake aiko kowa ba, tankin yana can yana shayar da rake, ramukan ƙafafun allon kuma suna nan a bakin gari, awaki na faɗawa.

Na raka Inna har gida don in gaida Hussaini. Yana nan inda muka bar shi, tsinken ya ɗan ƙara kauri. Ya dubi hannunmu, ya dubi fuskarmu. Ya ce ƙishirwa yake ji, a ba shi ruwa.

Inna ta ɗauko ƙwaryar da ta rage, tamu. Ta shimfiɗa tsohon kallabinta a baki, wanda ya sha wanki har ana hangen rana ta cikinsa, ta karkato tulu ta tsiyaya. Ruwan ya sauko ja-ja. Ta miƙa masa da hannu biyu, kamar yadda ta miƙa wa baƙuwa. Na tsaya ina kallon hannunta, amma wannan karon bai tashi ya doke ƙwaryar ba.

"Na gode, Inna," in ji Hussaini, ya kafa kai ya shanye.